Kofin Baƙo na Kawu Porotokol

Ku mutanen Birni kun san shi, ba sai na tsaya kwatance ba. In kuka ga Kawu Kyari ya fito ƙofar gida sanye da farar safar hannu, a cikin zafin nan namu na Damagaram, to ku tabbata yau wani shugaba ya kai ziyara wata ƙasa, kuma an tara masa majalisunsu biyu a zaure ɗaya zai yi musu jawabi. Ba ruwan Kawu da ko wace ƙasa ce, ko da wane yare za a yi. In dai baƙo ne, in dai an haɗa masa dattawa da wakilai, to ranar ko abinci a tsaye yake ci. Shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Porotokol, wato mai tsarin tarbar manyan baƙi, sunan kuwa ya bi shi har makabarta.

Ni ce Falmata, ɗiyar ƙanwarsa, mai kai masa abincin rana a kan moto, wato babur, in na tashi daga koyarwa a lekol. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan zirga-zirga, tun rasuwar matarsa Inna Gana. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Wani na gani na yi dariya, wani na gani na yi masifa, don ni Allah bai yi ni da dogon haƙuri ba, kun dai sani.

Zai jawo tele zuwa zaure, ya goge ta da gefen riga, ya zauna a kujerarsa ta ƙarfe ƙafa a haɗe. Da baƙon ya doshi mumbari, sai Kawu ya miƙa hannu ya kashe muryar. Ɗif!

"Haba Kawu! To yaya za a ji abin da mutumin ya zo da shi?"

"Ke malamar lekol ce, kin saba da surutu. Abin da ya zo da shi an rubuta masa tun cikin jirgi. Ni kofi nake kallo."

Kofi kuwa yake kallo. Ku lura, duk inda aka yi irin wannan zama za ku ga kofin ruwa a gefen mai jawabi. A wurin Kawu, ziyarar duka tana cikin kofin nan. Mu nan baƙo ba ya buɗe baki ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya sha ruwan gidan, ko sarki ne ko mai tallan gishiri, kuma Kawu bai ga dalilin da zai sa a ɗauke wa masu jirgin sama wannan doka ba. In 'yan majalisar suka miƙe suna tafi, shi ma ya miƙe, shi kaɗai a zaure, yana tafi da safar hannu, tafin da ko ƙara ba ya yi. In aka gama sai ya yanke hukunci: "Bai sha ba. Kada su sa hannu a komai da shi."

Abin yana da asali. Kawu ya yi shekara ashirin da wani abu yana planto, wato masinja, a majalisa can Yamai, yana kai takardu daga biro zuwa biro, ofis-ofis ke nan, yana ajiye ruwa a mumbari. Babban baƙin cikinsa shi ne mu majalisa ɗaya gare mu. "Ƙasa guda kamar gidan gwauro, ɗaki ɗaya!" in ji shi. Duk da haka ranarsa ta zo, ranar da aka ce wani babban shugaba daga ƙetaren teku zai yi wa depitoci, 'yan majalisarmu, jawabi, kuma Kawu ne zai kai ruwa. Kwana uku yana wanke kofin gilashi guda. Ya auna tafiyar daga ƙofa zuwa mumbari, taku arba'in da biyu, ya yi ta maimaita ta da faranti a hannu har masu shara suka gaji da kauce masa. Ran nan ya yi taku arba'in lafiya lau. A na arba'in da ɗaya wani ƙato mai baƙin tabarau ya sha gabansa, ya ɗaga masa tafin hannu, ya zaro gorar roba daga aljihu ya ajiye wa maigidansa. Ashe da ruwansu suka zo! Kawu ya tsaya jikin bango riƙe da faranti har aka gama jawabin, ba wanda ya ce masa tafi ko zauna.

Ranar da ya bar aiki, ya naɗe kofin a cikin rawani ya taho da shi gida.

"Kawu, wannan ba sata ba ce?"

"Wace irin sata? Ceto ne! An ci masa mutunci a gaban duniya, sai in bar shi can?"

Kofin ya samu wuri a alkukin zaure, a kan farantinsa, an rufe shi da faifai. Kullum da safe Kawu zai juye ruwan jiya a gindin lemon da Inna Gana ta shuka, ya cika kofin da sabo. Ba mai sha. Kofin baƙo ne, kuma duk unguwa ta san wane baƙo ake jira. Bukar ne, ɗansa tilo, taubashina, wanda ya tafi karatu ƙasar Turawa, ya samu aiki, ya yi aure, ya maƙale can. Da Inna Gana ta rasu bai zo ba, ya ce takardunsa ba su fito ba. Tun ranar Kawu bai ƙara yi masa magana ba, ko a waya.

"Ba fushi nake ba," haka yake cewa. "Tsari ne. Wanda ya yi shekaru haka a waje ya zama baƙo, baƙo kuwa ba ya jawabi sai ya sha ruwa. Ya zo ya sha, sai mu yi magana."

To tun da ƙasa ta ƙi yin majalisa biyu, Kawu ya naɗa nasa a ƙofar gida. Dama da ƙofa, ƙarƙashin dogonyaro, akwai bencin tsofaffi, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Isufu, tsohon mai fataucin fata, abokin gardamar Kawu tun suna yara. Wannan ita ce majalisar dattawa. Hagu da ƙofa akwai fadar su Lawali mai gyaran moto, inda samari ke shan shayi suna gardamar ƙwallo. Wannan ita ce ta wakilai. Ba wanda ya nemi a naɗa shi, kuma ba sa ga maciji da juna. Burin Kawu a duniya shi ne ya ga sun zauna tabarma ɗaya wani baƙo ya yi musu jawabi.

Ya taɓa gwadawa, kun tuna? Wani ɗan'uwanmu manomi, Haru, ya taso daga Gaffati da amalanke ya kawo masa wake. Bawan Allah ko sauke buhun bai gama ba, Kawu ya ce ziyarar aiki ce. Ya shimfiɗa tabarmi a tsakiyar ƙofar gida, ya kife turmi ya ce mumbari ne, ya sa safar hannu ya tafi gayyata.

Alhaji Isufu ya ce, "Ni? In zauna da masu askin zakara? Kyari, ka je a duba ka."

Lawali ya ce, "Baba Porotokol, ka yi mana haƙuri. Su fa ko dariya muka yi sai su kama istigfari."

Kowa ya zauna gefensa yana leƙe. A kan tabarmi daga ni sai wata akuya. Aka ba Haru ruwa a kwanon sha ya kwankwaɗa, aka tura shi bayan turmi. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya share gumi.

"To... ruwa dai ya sauka mana sau biyu."

Kawu ya miƙe ya yi tafi.

"Akuyar Hajara ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba."

Kawu ya miƙe ya yi tafi.

"Mutanen gida suna gaishe ku. Ni dai in an ba ni buhuna zan koma."

Wallahi na yi dariya har na riƙe ciki. Da aka watse na ce, "Kawu, ga baƙo ya zo, ya yi jawabi, me ya hana ka ba shi a kofin?" Ya dube ni kamar na zagi wani. "Ke! Gaffati ƙasar waje ce?"

Sau ɗaya tak na ga hukuncinsa ya fito da kyau. Wata shugaba ce, mace, ban ma riƙe ƙasarta ba. Ta hau mumbari, kafin ta ce uffan ta ɗauki kofi ta shanye tas, ta ajiye, ta yi ɗan murmushi ga wani da ba a nuna ba. Kawu ya fito waje ba takalmi yana ihu, "Ta sha! Jama'a, ta sha!" Matan maƙwabta suka fito a guje, sun zaci wata ce ta sha guba. Mutumin da ke dafa ganyen shayi ɗaya kwana uku, ranar ya sayo wa dattawa goro, ya sayo wa wakilai sukari. Bayan 'yan watanni Alhaji Isufu ya zo da rediyo a hammata yana washe baki.

"To Kyari, ga mutuniyarka ta faɗi zaɓe."

"Ta faɗi da tarbiyyarta. Kai da kake tsaye, ina taka?"

Ni dai abin Bukar ne ke ci mini rai, don ina ganin tsohon yana ƙarewa. Wata ƙaramar salla muka ƙulla da shi zai kira ta salula, irin kiran da ake ganin fuska, ni kuma in riƙe wa Kawu a gabansa ba shiri. Haka aka yi. Fuskar Bukar ta fito, ya ce, "Baba, barka da salla. Baba, ni ne." Kawu ya zuba wa salular ido ya daɗe. Na ce a raina yau an gama. Sai ya tashi, ya sa safar hannu, ya ɗauko farantin, ya buɗe faifai, ya ajiye kofin a gaban salular.

"Falmata, ki gaya wa baƙo ga ruwa."

Bukar, mai wayon tsiya tun yana ƙarami, ya yi dariya, ya miƙa hannu kan teburinsa ya ɗauko gorar roba ya kurɓa. "Ga shi na sha, Baba. Yanzu sai mu gaisa."

Kawu ya mayar da faifai a kan kofin a hankali. "Da ruwansa ya zo," ya ce. "Irinsu ɗaya." Ya shige ɗaki.

Bayan an kashe kiran ya leƙo. "Kamar ya rame, ko? Furfura na gani a gemunsa?"

"Me ya hana ka tambaye shi da bakinka?"

"Tsari."

Na so in jefa salular nan a bango, sai na tuna tawa ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a wata bazara, irin wadda pampo ke yin makonni bai ɗiga ba, 'yan garuwa kuma sai ka bi su da lallashi. Na taso daga lekol da tsakar rana, maƙogwarona kamar an zuba toka. Na buɗe randar Kawu, ƙaf. Na duba buta, ƙaf. Ashe ɗan abin da ya rage masa da safe ya juye a kofin, shi kansa bai sha ba. Na miƙa hannu alkuki. Sai na ji mafici a bayan hannuna, fat!

"Ke 'yar gida ce."

Nan fa na fashe. Na ce shekara nawa ina ƙona fuskata a rana ina kawo masa tuwo, kurɓi ɗaya ya gagare ni? Na ce, "Bukar ba zai zo ba, Kawu! Ba zai zo ba! Bishiyar lemo ce kaɗai baƙuwarka, ita ce ke shan ruwan nan kullum!"

Ya sa takalmi, ya ɗauki kwanon sha, ya fita cikin ranar nan. Ina kallonsa ta ƙofar zaure yana bin inuwar katanga har gidan Alhaji Isufu, mutumin da bai taɓa roƙon ko ashana a wurinsa ba. Ya dawo riƙe da kwanon da hannu biyu kada ya zuba, ya miƙa mini. Na sha ina jin kunyar da ban taɓa ji ba. A lokacin ne na lura da gidan. Tabarma ɗaya a shimfiɗe, takalmi ɗaya a bakin ƙofa, ɗakin Inna Gana a kulle, na Bukar a share tas da sabon zanen gado. Ba motsin komai sai ƙarar motona a waje. Ashe duk shekarun nan in na kawo abinci ban taɓa kashe ta ba, sai dai in ajiye kwano, in ce yaya jiki, in juya. Na fita na kashe ta, na dawo na zauna. Daga ranar, in akwai jawabi tare muke kallo, ba murya, in suka miƙe mu miƙe mu biyu.

Da damina ta kama ciwo ya kwantar da shi. Ya ƙi ɗaki, ya ce a shimfiɗa masa a zaure inda zai riƙa ganin alkuki. Ni na koma mai cika kofin. Na kira Bukar na gaya masa gaskiya ba sakaye, na haɗa da zagi irin na taubasai, ya ce yana neman jirgi. Ranar Laraba Kawu ya kira ni kusa.

"Kin ji haushina ranar nan."

"Na manta, Kawu."

"Ƙarya kike, ke ba kya mantuwa. Ruwan baƙo na wanda ya tafi ne, Falmata. Ke ba ki taɓa tafiya ba." Ya maida numfashi. "In ya zo, taku goma sha huɗu ne daga alkuki zuwa tsakiyar ƙofar gida. Na auna. Kada ki yi sauri, na san ki da gaggawa."

Da hantsin Alhamis ya cika. Bukar ya iso ranar sadakar uku.

Ku da kuka halarta kun gani. An shimfiɗa tabarmi a tsakiyar ƙofar gida, daidai inda aka kife wa Haru turmi. Bencin dogonyaro ba kowa, fada ba kowa. Ga Alhaji Isufu kafaɗa da kafaɗa da Lawali, masu rawani da masu askin zakara sun cakuɗe ba mai ƙyamar wani. Ina leƙe daga zaure na ce oh, Kawu, ga majalisunka sun haɗu, sai da ka tashi ka ba su wuri.

Da liman ya shafa addu'a, Bukar ya miƙe zai yi wa jama'a godiya. Ya yi fari, ya yi furfura kamar yadda uban ya gani. Kuma me zan hango a hannunsa? Gorar roba! Wai an ja masa kunne kan ruwanmu, cikinsa ya manta. Ya gyara murya ya ce, "Jama'a, ina..."

Ban san lokacin da na sa safar hannun nan ba, ta yi mini yawa, yatsun suna lilo. Na ja mayafi, na ɗauki faranti, na fito tsakiyar maza. Aka fara ƙus-ƙus. Na ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Ban yi sauri ba, Allah ne shaida, ko da ƙafafuna na so. A na goma sha huɗu na tsaya a gabansa na buɗe faifai. Ba wanda ya sha gabana.

Na ce, "Taubashi, ajiye wannan gorar, ko in fasa maka ita a ka."

Ya dubi kofin. Ruwan randa ne, da ƙanshin ƙasarsa. Ya sunkuya ya ajiye gorar a kan tabarma, ya karɓi kofin da hannu biyu, ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ya ƙare, ruwan na bin gemunsa.

Sai Alhaji Isufu, wanda sai mutum biyu sun kama shi yake tashi, ya dafa kafaɗar Lawali ya miƙe, ya fara tafi. Tafi a wurin makoki! Lawali ya miƙe, samari suka miƙe, tsofaffi suka bi ɗaya bayan ɗaya suna riƙe gwiwa. Liman ya haɗe fuska ya dubi kowa, sannan ya ce, "Allah ya gafarta mana," shi ma ya tashi.

Da aka lafa aka jira jawabi. Bukar ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya juya ya dubi ƙofar zauren.

"Baba, na sha."

Iyakarta ke nan. Ya zauna ya rufe fuska da hannun riga. Alhaji Isufu ya goge ido da gefen rawani ya ce, "Jawabi ya yi. Da Kyari na nan, da ya ce a sa hannu."

Bayan mako biyu Bukar ya koma wurin iyalinsa. Gidan yana kulle, ni ke da mabuɗi, ina zuwa in ba lemo ruwa. Kofin yana alkukinsa a kife. Wani lokaci in na ga wani shugaba a tele ya doshi mumbari gaban majalisu biyu, sai in kashe murya ina kallon gefen hannunsa, 'ya'yana suna cewa Mama ta fara. Ba su san in suka miƙe a can, ni kaɗai nake rasa wanda zan miƙe tare da shi ba.

Yau Kawu Kyari ne baƙo, ya tafi inda ba a zuwa da ruwan kai. Ya Allah ka tarbe shi da rahama, ka haɗa shi da Inna Gana, ka shayar da shi daga Alkausara, kada a sha gabansa saura taku ɗaya. Zai sha, ya Rabbi, na san shi, ba zai ce uffan ba sai ya sha. Amin.